Turnstile na Cloudflare a shafukan 'yan kasuwar Kumasi: amfaninsa da iyakarsa wajen tare saƙonnin banza

Duk wanda ya buɗe wa kasuwancinsa shafin intanet, ya kuma sanya masa fom ɗin tuntuɓa, wato guraben nan da baƙo ke rubuta sunansa da lambar wayarsa da buƙatarsa ya aika, ba ya daɗewa kafin ya fara samun saƙonnin da ba mutum ne ya rubuto su ba. Wasu tallar magunguna ne, wasu na caca, wasu na alkawarin ɗaga shafin zuwa sahun gaba a Google, wasu kuwa da haruffan Rashanci suke zuwa, ɗauke da adireshin da in an taɓa shi zai kai mutum inda za a sace masa kalmar sirri. Sana'ata ita ce gina ƙananan shafuka da kula da su ga 'yan kasuwa da makarantu a Aboabo da Asawase da Sawaba, har da wasu dillalan kayan gyaran mota na Suame Magazine, kuma cikin hanyoyin da ake bi don tare wannan shara, wadda na fi dogara da ita a yanzu ita ce Turnstile na kamfanin Cloudflare. Ra'ayina a kansa shi ne ya cancanci zama katangar farko a shafin kowane ƙaramin kasuwanci a nan, muddin an girka shi daidai, kuma ba a ɗora masa aikin da ba nasa ba.

Kafin a yaba wa irin wannan kayan aiki ko a kushe shi, wajibi ne a san da wane ma'auni ake auna shi. Kuskure iri biyu ne mai tsaron fom zai iya yi, ko dai ya bar saƙon banza ya wuce, ko kuma ya hana mutumin kirki aikawa. Na farkon kowa yana ganinsa, domin yana nan cike da akwatin imel, kuma mai shago zai kira ya yi ƙorafi. Na biyun ba ya barin sawu. Hajiyar da ke sayar da atamfa a Kejetia, wadda ta shiga shafin kamfanin tafiye-tafiye da wayarta ta Tecno don ta tambayi kuɗin Umara, idan fom ya ƙi karɓar saƙonta ba za ta kai ƙara ga kowa ba, za ta rufe shafin ne ta tambayi maƙwabciyarta wane kamfani ta bi bara. Asarar da ta fi girma ita ce wannan, kuma ita ce ba ta fitowa a kowane lissafi. Saboda haka abin da nake fara dubawa a kowane tsari shi ne ko mai ƙaramar waya da ƙaramar data, wanda ke tsaye cikin hayaniyar kasuwa yana hanzari, zai iya wucewa ba tare da an wahalar da shi ba.

Masu aiko da sharar galibinsu manhajoji ne da aka saki suna bin shafuka dare da rana, suna neman duk inda akwai fom, su cike gurabensa su aika. Da yawa daga cikinsu ma ba sa buɗe shafin yadda mutum ke buɗewa, adireshin da ke karɓar saƙon a kan saba, wato kwamfutar da aka ajiye shafin a kanta, kawai suke ganowa, su riƙa jefa masa bayanai kai tsaye. Ɓarnar ba ta tsaya ga cika akwati ba. Akwai fom da aka tsara su don su mayar wa mai aikawa da kwafin saƙonsa, kuma irin waɗannan su ne 'yan damfara suka fi so, domin sai su rubuta adireshin wani bawan Allah a gurbin imel, su rubuta tallarsu a gurbin saƙo, shafinka ya aika masa da sunanka. Idan hakan ya yawaita, kamfanonin imel sukan sanya sunan shafin cikin jerin waɗanda ba a yarda da su ba, daga nan wasiƙun ciniki na gaskiya da mai shafin ke aikawa su fara faɗawa akwatin shara na abokan hulɗarsa.

Tsohuwar hanyar da aka saba da ita ita ce CAPTCHA, sunan da masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka suka ƙirƙiro a farkon shekarun 2000, cikinsu har da Luis von Ahn, wanda daga baya ya kafa reCAPTCHA a 2007, Google kuma ya saye ta a 2009. Da farko murɗaɗɗun haruffa ake ba mutum ya karanta, a 2014 aka fito da akwatin da ake dannawa a tabbatar cewa ba na'ura ba ce, tare da hotunan da ke biyo baya idan an yi shakkar mai dannawa, sannan a 2018 aka kawo zubi na uku wanda ba ya tambayar komai, maki kawai yake ba kowane baƙo tsakanin 0.0 da 1.0, ya bar wa mai shafi yanke hukunci. Matsalar gwajin hotuna a wajenmu a fili take. Abubuwan da ake cewa a zaɓo na titunan Amurka ne, kamar famfon kashe gobara na bakin hanya da motar makaranta mai ruwan ɗorawa, ga hotunan ƙanana a fuskar waya, ga umarnin da Turanci, ga cin data duk lokacin da aka sake lodo sababbi. Dattijon da ya iya lissafin buhunan goro a ka, ya kuma iya karatun Larabci, ana iya tsayar da shi a nan, ba don komai ba sai don an tambaye shi abin da bai taɓa gani ba. Abin da ya ƙara zubar da darajar gwajin shi ne na'urori sun riga sun ci shi: a 2024 masu bincike a jami'ar ETH ta Zurich sun nuna cewa manhajar gane hoto tana iya warware gwajin hotunan reCAPTCHA zubi na biyu ɗari bisa ɗari. Cloudflare kansa, wanda ya bar reCAPTCHA ya koma wani gwaji makamancinsa mai suna hCaptcha a 2020, ya taɓa ƙiyasta cewa mutum yakan ɓata daƙiƙa 32 a kan gwaji guda.

A watan Satumba na 2022 ne Cloudflare ya gabatar da Turnstile, bayan shekara guda kuma ya buɗe shi ga kowa a matsayin kammalallen kaya. Tunanin da ke bayansa shi ne a daina yi wa mutum jarrabawa, a koma yi wa burauzarsa, wato manhajar da yake buɗe shafuka da ita, irin su Chrome. Da zarar shafi ya buɗe, sai Turnstile ya ba burauzar wasu ƙananan ayyuka ta yi a ɓoye, kamar ɗan lissafin da ke buƙatar ƙarfin na'ura, da duba ko tana da siffofin da burauza ta gaskiya ke da su, da neman alamomin da manhajojin sarrafa kansu ke bari. A wayoyin iPhone da kwamfutocin Apple na baya-bayan nan ma akwai tsarin da na'urar ke tabbatar da sahihancinta ba tare da ta bayyana ko ta wace ce ba. Idan komai ya yi daidai, sai alamar nasara ta bayyana a wani ɗan akwati da ke ƙasan fom, baƙo bai taɓa komai ba. Idan akwai shakka, abin da za a nema daga gare shi bai wuce danna akwati sau ɗaya ba, kuma babu hoto ko haruffa da za su biyo baya. Ba sharaɗi ba ne shafin ya kasance yana bi ta hanyar sadarwar Cloudflare, duk inda aka ajiye shi ana iya liƙa masa Turnstile.

Salo uku ake zaɓa daga ciki. Akwai wanda tsarin da kansa ke yanke shawarar ko ya nuna akwatin dannawa ko kada ya nuna, akwai wanda ake ganinsa yana aiki amma ba ya neman a danna komai, akwai kuma wanda ba a ganinsa sam. Na farkon nake sanya wa kusan kowa, dalilina kuwa shi ne yana ba mutumin da aka yi shakkarsa damar kare kansa. Wannan yana da muhimmanci a Ghana fiye da yadda ake zato, domin kamfanonin waya irin su MTN da Telecel da AT sukan haɗa masu amfani da yawa a bayan adireshin intanet guda, ta yadda laifin wata waya mai ɗauke da mugunyar manhaja zai iya shafa wa sauran kashin kaji. A salon da ba a gani, wanda aka ƙi ba ya ma sanin me ya faru, sai dai ya ga fom ya ƙi tafiya.

Girkawar ba ta da wuya ga wanda ya saba da aikin. Ana buɗe asusu a Cloudflare, a rubuta sunan shafin, a zaɓi salo, sai a karɓi makullai biyu, ɗaya na fili da ake sanyawa a jikin shafin, ɗaya na sirri da ke zama a kan saba. A nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya fahimta da kyau, domin a nan ne yawancin aikin da aka ce an yi yake lalacewa. Akwatin da ake gani a shafi ba shi ne ke tare kowa ba. Aikinsa kawai shi ne ya ba baƙon da ya ci gwajin wani tikiti, wanda ke tafiya tare da saƙon. Sabar shafin ce za ta ɗauki tikitin, ta haɗa da makullin sirri, ta tambayi Cloudflare ko na gaskiya ne, sannan ta karɓi saƙon ko ta yi watsi da shi. Idan ba a rubuta wannan sashe na biyu ba, lamarin ya zama kamar mai gadin da ke raba tikiti a ƙofar gaba alhali babu mai karɓarsa a ciki, ƙofar baya kuma a buɗe take. Manhajojin da ke jefa saƙo kai tsaye ba su taɓa ganin akwatin ba balle ya tare su. An sha kawo mini shafukan da wani ya gina, akwatin Turnstile yana nan yana nuna alamar nasara, shara kuma tana kwarara kamar da, mai shagon har ya yanke hukuncin cewa tsarin ba shi da amfani, alhali ba a taɓa haɗa shi da saba ba. Bayanan kamfanin sun faɗi ƙarara cewa tabbatarwar saba wajibi ce, sai dai mai shago ba zai iya gane an yi ko ba a yi ba ta hanyar kallon shafi.

Tikitin yana da ƙa'idoji biyu da suka shafi yadda mutanenmu ke rubutu. Minti biyar yake yi ya mutu, kuma sau ɗaya ake amfani da shi. Mu kuwa ba ma faɗa wa magana kai tsaye. Uban da ke neman wa ɗansa gurbi a makarantar Islamiyya zai fara da sallama, ya gaida malamai, ya yi addu'a, ya bayyana ko shi wane ne da unguwar da yake, kafin ya zo kan tambayarsa, ga shi da yatsa ɗaya yake rubutawa, wataƙila ma a kira shi a waya a tsakiyar rubutun. Minti biyar ba ya isarsa. Abin farin ciki shi ne Turnstile yana sabunta tikitin da kansa idan ya mutu, matuƙar wanda ya girka bai kashe wannan saitin ba, don haka ina ba da shawarar a gwada da gangan, a buɗe fom a bar shi kwata na awa kafin a aika. Ƙa'idar amfani sau ɗaya kuma tana bayyana ne idan mutum ya manta da wani gurbi, fom ya mayar da shi ya gyara. Idan ba a tsara shafin ya nemo sabon tikiti ba, aikawa ta biyu za ta gaza, mutumin kuma zai ɗauka shi ne bai iya ba.

Yawancin shafukan da ke hannuna a kan WordPress suke, wato manhajar gina shafuka, kuma a nan abin ya zo da sauƙi. Cikin manhajojin gina fom na WordPress, WPForms yana da wurin sanya makullan biyu a cikin saitinsa, Contact Form 7 na Takayuki Miyoshi shi ma ya shigar da Turnstile cikin jikinsa a 2025, kuma dukansu suna yin tabbatarwar saba da kansu, wanda ke kawar da hatsarin da na bayyana a sama. Abin da ke kawo cikas shi ne ƙananan manhajojin da ake sanyawa don shafi ya yi sauri, masu jinkirta lodin rubutun JavaScript, wato umarnin da burauza ke aiwatarwa a cikin shafi, ko haɗe su wuri guda. Cloudflare ya ce dole a ɗauko fayil ɗin Turnstile daga ainihin adireshinsa, ba daga kwafin da aka adana ba, saboda haka sai an cire shi daga cikin abubuwan da waɗannan manhajoji ke taɓawa.

Inda aka girka shi daidai, bambancin a bayyane yake tun daga ranar farko. Saƙonnin Rashanci da tallar caca da na magunguna sukan ɗauke kusan gaba ɗaya, akwatin imel ya koma abin da sakataren makaranta ko yaron shago zai iya karantawa da safe cikin ɗan lokaci. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne shirun da ke zuwa daga ɓangaren masu aikawa, domin kiran da ake yi wa masu shago a ce fom ɗinku ya ƙi tafiya ya ragu ƙwarai. A wayoyin Tecno da itel da Infinix da aka fi riƙewa a Zango, da burauzar Chrome, alamar nasara takan fito kafin mutum ya gama rubuta sunansa. Akwai kuma shafin lissafi a cikin asusun da ke nuna yawan gwajin da aka bayar da yawan waɗanda aka ci, wanda ke taimakawa wajen gane ko wani abu ya lalace.

Batun kuɗi shi ne tambayar farko da ake yi mini. Wani Alhaji mai kamfanin jigilar maniyyata ya taɓa ce mini, "To, Malam, wannan kuma dala nawa ne a wata?" Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ko pesewa ɗaya ba za ka biya ba." Haka abin yake, Turnstile kyauta ne ga ƙananan shafuka irin namu, kuma ba a neman katin banki kafin a buɗe asusu. Wanda ya san wahalar biyan kuɗin wata-wata da dala daga cinikin da ake yi da sidi ya san darajar wannan. Don a yi adalci, reCAPTCHA ma har yanzu yana da kason kyauta, duk da cewa a 2024 an rage shi daga gwaji miliyan ɗaya zuwa dubu goma a wata, adadin da ya ishi kowane shago a Alabar ko Adum. Saboda haka ba arha ce ta sa na fifita Turnstile ba, sauƙin da yake yi wa baƙo ne. Akismet na kamfanin Automattic, wani matacin saƙonnin banza da ya fara aiki tun 2005, kyauta ne ga shafin da ba na ciniki ba, amma na kasuwanci sai an biya.

Game da sirrin mutane, Cloudflare ya bayyana cewa ba ya amfani da bayanan Turnstile don bibiyar mutane da talla. Duk da haka, gwajin yana nufin wasu bayanai na burauzar baƙo da adireshin intanet ɗinsa suna isa ga wani kamfani na ƙasar waje, kuma Dokar Kare Bayanai ta Ghana ta 2012, mai lamba 843, ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane nauyin sanar da su abin da yake tattarawa da dalilinsa. Layi biyu a sanarwar sirri ta shafin sun wadatar, kuma ga mai amfani da salon da ba a gani, kamfanin da kansa ya wajabta ambaton hakan. Tunda maganar ta zo nan, ina roƙon kamfanonin tafiye-tafiye su daina neman lambar fasfo da lambar Ghana Card ta fom ɗin tuntuɓa. Saƙon yana ƙarewa ne a akwatin imel da mutane da yawa suka san kalmar sirrinsa, kuma babu mai tsaron fom da zai kare shi a can.

Babbar iyakar Turnstile ita ce ba ya karanta saƙo. Tambayarsa ɗaya ce, shin wannan burauza ta gaskiya ce da mutum a bayanta, kuma idan amsar ta zama e, ya gama aikinsa. Ɗan damfarar da ya zauna da hannunsa ya rubuto wa dillalin Suame cewa yana son kayan gyara masu yawa, amma sai an fara tura wa wani wakilin jigila kuɗi ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, zai wuce lafiya lau. Haka ma masu tallar ɗaga shafi da ke ɗaukar mutane haya su riƙa cike fom ɗaya bayan ɗaya, kuma akwai kamfanonin da sana'arsu ita ce sayar da tikitin da aka riga aka ci ga masu manhajojin shara. Waɗannan kaɗan ne idan an kwatanta da ambaliyar da aka tare, amma su ne mafiya haɗari, domin sun yi kama da ciniki, kuma akwatin da ya zama mai tsabta yana sa mai karantawa ya saki jiki. Maganinsu hankalin mai shago ne, da ƙin tura kuɗi ga wanda ya zo a matsayin mai saye, da kai rahoto ga Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasa, wadda aka kafa a ƙarƙashin dokar 2020 mai lamba 1038, ta lambar 292.

Idan irin waɗannan saƙonni suka dami mutum, sai ka ji ana ba shi shawarar ya toshe ƙasashen waje gaba ɗaya, ko ya sa a yi watsi da duk saƙon da ke ɗauke da haruffan da ba na Turanci ba. Ban yarda da ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan ba ga kasuwancin Zango. Cinikinmu tun zamanin fataken goro bai taɓa tsayawa a iyaka ba. Mai neman kaya yana iya rubutowa da Faransanci daga Wagadugu ko Yamai ko Abijan, malami yana iya rubutowa da Larabci, ɗan'uwa da ke zaune a Bronx ko Hamburg ko Jidda yana iya neman biya wa ƙaninsa kuɗin makaranta ko yi wa mahaifiyarsa rajistar aikin Hajji. Tace haruffa kuwa yana iya kama Hausar kanta, saboda ɓ da ɗ da ƙ ba sa cikin haruffan da irin wannan mataci ke ɗauka a matsayin na yau da kullum. Wanda yake son ƙarin tacewa ya haɗa da Akismet, mai duba abin da saƙo ya ƙunsa, amma da sharaɗin a riƙa adana abin da ya ware a gefe ana leƙawa, maimakon a goge nan take.

Akwai kuma mutanen da tsarin zai iya bari a baya. Turnstile ba ya aiki sai da JavaScript da burauza ta zamani, don haka mai tsohuwar waya da aka daina sabunta ta, ko mai amfani da Opera Mini a salon matse data mafi tsanani, inda sabar Opera ce ke sarrafa shafin kafin ya iso waya, yana iya kasa samun tikiti. Rubutun da ke cikin akwatin yana zuwa da Turanci da Faransanci da Larabci da wasu harsuna da dama, amma babu Hausa, babu Twi. Abin da nake yi shi ne in rubuta gajeren bayani da Hausa a saman akwatin, cewa a jira alamar ta fito kafin a aika, in kuma sanya lambar waya da ta WhatsApp a ƙarƙashin kowane fom, a fili inda ido zai gani. Babu fom da ya kamata ya zama ƙofa ɗaya tilo zuwa ga mai shago, a garin da yawancin ciniki da murya ake ƙulla shi.

Dogaro da kamfani guda ma abin dubawa ne. A ranar 18 ga Nuwamba 2025 hanyar sadarwar Cloudflare ta samu babbar tangarɗa ta sa'o'i, kuma bayanin da kamfanin ya wallafa ya ambaci Turnstile cikin ayyukan da suka tsaya. Kamfanin yana da cibiya a Accra, wanda ke rage nisan da bayanai ke tafiya, amma duk wanda ya ga ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku irin su WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka lalace, intanet ya durƙushe a Ghana da maƙwabtanta, ya san cewa hanya tana iya yankewa ba zato. Saboda haka dole a yanke shawara tun farko a kan abin da sabar shafi za ta yi idan ta tambayi Cloudflare ba ta samu amsa ba. Ga fom ɗin tuntuɓa na shago, na fi son ta karɓi saƙon ta yi masa alamar cewa ba a tantance shi ba, domin sharar yini guda ta fi sauƙi a kan rasa mai saye. Ga shafin shiga asusu ko na biyan kuɗi, akasin haka ne daidai.

Wasu tsofaffin dabaru biyu suna tafiya da Turnstile ba tare da sun ƙara wa baƙo wani nauyi ba. Ta farko ita ce tarko, wato a sanya wani gurbi a fom da idon mutum ba ya gani, manhaja kuwa ta cike shi saboda tana cike duk abin da ta tarar, sai saba ta gane ta. Ta biyu ita ce auna lokaci, domin saƙon da aka cike aka aika cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ba daga yatsun mutum ya fito ba. Iyakance yawan saƙo daga adireshi guda ma yana da amfani, amma a sassauta shi saboda haɗa mutane da kamfanonin waya ke yi.

Wani lokaci kuma akan zargi mai tsaron fom da cinye saƙonni alhali laifin na isar da imel ne. Tun watan Fabrairu na 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta sharuɗɗansu, ta yadda wasiƙar da ta fito daga shafin da ba a saita masa SPF ko DKIM ba, wato saitunan da ke tabbatar da cewa daga shafin wasiƙar ta fito, tana iya faɗawa shara ko a ƙi ta. Shi ya sa nake sanya kowane saƙo ya zauna a cikin shafin kansa ban da tura shi ta imel, kamar yadda ƙaramar manhajar Flamingo ke yi wa Contact Form 7, don a samu inda za a kwatanta.

Mai shagon da ba ya rubuta manhaja yana da hanyar tabbatar da aikin da ya biya. Cloudflare ya tanadi makullan gwaji, wasu kullum suna cin gwajin, wasu kullum suna faɗuwa, don haka ya nemi wanda ya gina masa shafin ya sanya makullin sirri mai faɗuwa a gabansa, a aika saƙo. Idan saƙon ya iso akwati duk da haka, to ba a haɗa tsarin da saba ba, kuma aikin bai kammala ba. Bayan an mayar da makullan gaskiya, a aika saƙo da wayar yaron shago a kan data, ba da kwamfutar ofis ba, a kuma maimaita da layin wani kamfanin waya daban. Sannan ya tabbatar cewa asusun Cloudflare da adireshin imel ɗin kasuwancinsa aka buɗe shi, kuma kalmar sirrin tana hannunsa, domin masu gina shafi suna sauya aiki, suna komawa Accra ko su ƙetare teku, kuma duk ranar da aka sauya sunan shafin, sai an shiga wannan asusun kafin fom ya ci gaba da karɓar saƙo.